Bangon Ma'azu Tela

Duk wanda ya zauna Gure a shekarun da suka biyo bayan Taron Ƙasa, wanda ya share fagen mulkin siyasa, in ya ce bai san Ma'azu Tela ba, to wandonsa bai taɓa yagewa ba ke nan. Shagonsa na bakin kasuwa, gefen masu kanwa. Shagon dai yana nan inda yake, amma keken ɗinkin ba ka taɓa samunsa inda ka bar shi. Yau yana duban gabas, jibi ya koma bakin ƙofa, ran kasuwa kuma ka tarar an ja shi ƙarƙashin rumfa wai hasken can ya fi. Mutum ne siriri mai ɗan gemu, wanda ko gaisawa kuke yi hannunsa na gyara maka wuyan riga.

Asalinsa ɗan Kelle ne. An ce tun yana yaro uwarsa ke kuka da shi, don in ta je rijiya ta dawo sai ta tarar ya sauya wa ƙorenta wuri. Aka kawo shi Gure koyon ɗinki, ya koya, ya auri A'i, suka haifi 'ya ɗaya, Sadiya, wadda aure ya kai Gidigir. Iyakar tafiye-tafiyensa ke nan, in ka ɗebe zuwa Damagaram sayen zare da yadi. Mutumin da ƙafarsa ke ƙaiƙayi haka Allah bai rubuta masa tafiya ba, sai duk ƙaiƙayin ya dawo cikin gida.

A'i ce ta sha wahalar abin, baiwar Allah. Randa ba ta kwana wata guda a lungu ɗaya. Turken akuya ya zagaye tsakar gidan nan kaf, igiyar shanya kuwa ba a magana.

"Malam, ina ka kai min turmi?"

"Yana bayan rumbu, can ya fi inuwa."

"Jiya ka ce nan ya fi inuwa."

"To ai jiya ce."

Amma a faɗi gaskiya, gidan tsaf yake. Da kansa yake kwashe rairayin da iska ke tarawa a bakin ƙofa. Ƙyallayen da suka ragu a shago ya harhaɗa su ya ɗinka 'yan jakunkuna, ya rataye a bango, wannan ta mataji, wannan ta ashana, wannan ta kwalli. Akwatin shayi in ya shigo hannunsa, kafin la'asar ya zama kanta. Matan unguwa sukan ce wa A'i ta yi dace da miji, ita kuwa ta ce su zo su ɗauke shi aro na mako ɗaya, sa dawo da shi da kansu.

Maganar katunan kuwa daga aljihun wani ta faro. Wani mushe, wato malamin boko, mutumin Kotonu da ke koyar da yara a lakwal, ya kawo kwat a rage masa hannu. Ma'azu na laluben aljihu, kamar yadda kowane tela mai hankali ke yi kafin ya sa almakashi, sai ya zaro wani kati mai hoto, irin wanda 'yan boko ke ce wa kart postal. Ruwa ne shuɗi, ba gaɓa a ɗaya gefen, ga kwale-kwale a jere bisa yashi. Shi da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin damina ba, ya tsaya da katin a hannu, kwat na ƙasa. Da mushen ya dawo bai sami aikinsa ba, ya sami tela na tambayarsa ko da gaske ruwan nan ba ya ƙafewa da rani. Ya yi dariya ya ce ya riƙe katin, ai ya riga ya karanta gaisuwar da ke baya.

Wayyo, da mushen nan ya san abin da ya jawo wa mutanen gari! Daga ranar ba direban kamiyon da zai karɓi ɗinkinsa bai yi alkawarin kati ba. Alhazai suka kawo na Makka da Madina. 'Yan makarantar da aka tura karatu Aljeriya da Rasha, in sun aiko wa iyayensu, Ma'azu ya ji labari kafin maƙwabta. Nasaran da ke aikin kafe tudun rairayi a bayan gari ma bai bar su ba, da hannu da ka ya yi ta yi musu bayani har suka gane. Ran da motar wasiƙu ta iso kuwa, za ka gan shi a inuwar gidan waya yana ta kai da kawo, yana jiran mutum ya gama karanta saƙonsa. Shi bai iya boko ba, kuma rubutun bai dame shi ba. Sunan garin kawai zai tambaya, ya maimaita a bakinsa, ya sa katin cikin hula ya wuce.

A zaurensa ya yi musu wuri. Ya san halin gara, don haka bai manna su a jikin ƙasa ba. Ya kafa itatuwa, ya ɗaura sabuwar tabarmar kaba ta rufe bangon kudu, da ɗan rata tsakaninta da ginin. Ya je ya tsinko ƙayar aduwa, dogaye, ya zaɓe su kamar mai zaɓen allura. Kowane kati a farin gefensa yake soke shi, hoton kansa ko ƙwarzane babu. A'i ta leƙo ta ga aikin, ta riƙe haɓa ta ce matan duniya na jeren kwano, ita nata mijin na jeren takarda.

Kuma jeren ba ya zama. Kowace safiyar Juma'a, da yake ba ya buɗe shago, sai ya zare ƙayoyin duka, ya tara katunan a cinya, ya goge su ɗaya bayan ɗaya da farin ƙyalle, ya sake sabon tsari. Wani mako masu ruwa a sama, masu dutse a ƙasa. Wani mako ya bi launi, kamar yana haɗa yadi da zare. Akwai lokacin da ya jera su bisa ga wanda ya kawo, sai ya ga Madina ta faɗo kusa da wata mata mai ɗan kamfai a bakin teku, ya yi istigfari ya wargaza. Amininsa Fannami, wani Babarbare mai sayar da kanwa, yakan zo shan shayi ya zauna ya dubi bangon ya ce, "Tela, yau kuma ina ka kai Agadas? Makon jiya a gefen ƙofa na bar ta, ga shi ka tura ta maƙwabtaka da Faransa ba ko sallama."

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa abin ya fara. Mutane suka soma gunaguni wai Ma'azu ya yi girman kai, a wuce ta gefensa a yi masa sallama da hannu ya share. Shi kuwa ya rantse bai gan su ba. Abin mamaki, zare yana shiga kafar allura lafiya lau, amma almakashin da ya ajiye a gefen keke sai ya juya kai gaba ɗaya kafin ya same shi. Ya sa kwalli, ya wanke da ruwan rubutu, abin sai matsowa yake. Fannami ya gaji da lallashi, ya sa shi a gaba suka hau kamiyo zuwa Damagaram.

Likitan ya haska, ya danna, ya auna, sannan ya ce ba yana ba ce balle a kankare. Ciwon daga ciki yake, yana cin gani daga gefe yana tahowa tsakiya. Ya ba shi maganin ɗigawa, ya gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ma tafiya zai yi, sai dai maganin ya rage masa sauri.

A hanyar dawowa Ma'azu ya ƙura wa hanya ido har suka wuce Gidimuni. Fannami ya ɗauka tunanin shago yake, ya fara ba shi baki cewa abinci ba ya gagara. Ma'azu ya girgiza kai. Tsoro ne ya kama shi, tsoro sosai, amma ba na yunwa ba. Duk duniyar da ya sani bayan Gure a bangon nan take, kuma ido ne kaɗai hanyar shigarta. In idon ya rufe bai kwashe ta ya zuba a ka ba, shi ke nan, an bar shi da Kelle da Gure da hanyar Damagaram, cikin duhu.

Da ya fayyace wa Fannami haka, sai Fannami ya ce, "To sai ka yi hadda. Amma ka sani, mai hadda ba ya sauya wa aya wuri. Ka jera su sau ɗaya, ka cire hannunka. In ka iya, don ni ban ga alama ba."

Jeren ƙarshen nan ya ci masa kusan wata guda, yana kafawa yana zarewa. Daga bisani ya tsaya a kan tsarin tafiya. Daga bakin ƙofa a tashi Damagaram, a bi Maradi da Yamai, a gangara Kotonu da Lome a sha iskar teku, a haye ƙasashen nasara da sanyinsu, a dawo ta Aljeriya da Agadas, a ƙare a Makka da Madina can kusurwar gabas. Ya soke ƙayar ƙarshe, ya ja da baya. A lokacin bangon ba ya shiga idonsa gaba ɗaya, kati ɗaya yake gani a lokaci guda, kamar mai leƙe ta bakin buta.

Haka ya fara hadda. Da hantsi, lokacin da haske ke cika zauren, zai tsaya gab da tabarmar har hancinsa na taɓa takarda, ya ƙura wa kati ɗaya ido, ya rufe, ya faɗi abin da ke ciki, ya buɗe ya duba. Da yamma Fannami ya zo ya yi masa tambaya. "Layi na sama, bayan Yamai?" Ma'azu ya ce gada ce, da raƙumi a kanta, da wani mai keke yana bin bayansa. In ya ci, sai ka ga haƙoransa. In ya faɗi kuwa, ranar ko shayin ba ya sha.

Amma fa barin bangon a yadda yake, wannan ita ce azabar. Juma'a na yi yatsunsa su fara ƙaiƙayi. Ya je gaban tabarmar ya dawo, ya sake zuwa, ya cusa hannu a aljihu. Da abin ya ishe shi sai ya huce a kan tsakar gida. Randa ta tashi, murhu ya tashi, akuya ta rasa ina ne gidanta. Har wata safiya ya fito alwala ya yi karo da turmin da shi da kansa ya gusar da yamma, ya kife a ƙasa, ƙaurinsa ya fashe. A'i na ɗaure masa ciwon tana faɗa, hawaye na zuba.

"Wallahi Malam ya isa. Shekara da shekaru ina tuntuɓe a gidan nan ban ce komai ba, ni mai ido. Daga yau ko tsinke ba ya motsawa. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya ce ya ji. Kuma ya ji ɗin, don tun daga ranar kome ya tsaya cik a wurinsa, ya koyi gidansa da ƙafa. Sai dai zama bai karɓe shi ba. Ya rame, ya yi ta zagaye tsakar gida yana taɓa abubuwa yana janye hannu.

Damina biyu suka wuce, hasken ya ƙarasa tafiya. Aka rufe shago, keken ya dawo gida aka lulluɓe shi da zane. Abin da ya rage masa shi ne sanin rana ta fito ko ta faɗi. Amma haddar ta zauna. Baƙo in ya shigo zaure, Ma'azu zai miƙe, ya dafa bakin ƙofa, ya bi tabarmar da yatsa ya tsaya. "Nan Lome ce. Ka ga bishiyar kwakwar da ta karkata? Dubi ƙarƙashinta, akwai kare." Baƙo ya duba ya ga kare, ya yi salati. Ranar da aka yi haka Ma'azu har waƙa yake yi a bayan gida.

Sai Sadiya ta haihu, A'i ta tafi Gidigir suna ran Alhamis, ta bar wa maƙwabciya amanar abincinsa. Fannami kuwa yana Bune wajen sayen kanwa. A daren aka yi iskar bazara, irin mai zuwa da rairayi ba ruwa. Da safe Ma'azu ya shiga zaure ya shafa bangon, ya ji yashi a fuskar katunan, ya ji wata ƙaya ta yi kwance. Ya ce bari ya gyara wannan ɗaya kawai. Ya zare ta, katin ya faɗo hannunsa, ya hure, ya ji na kusa da shi ma duk ƙura.

Kai, ɗan Adam! Ni ban ce ya manta ba, hannun ne bai taɓa yarda da maganar ba tun farko. Juma'a ce, gida shiru, ba mai cewa bari. Yatsun nan suka bi tabarmar suna zare ƙaya suna tarawa a baki, kamar yadda suka saba tun yana da ido. Wani daɗi ya rufe shi, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Ya zauna a buzu, ya juye katunan a cinya, ya goge wannan ya ajiye dama, ya goge wancan ya ajiye hagu, ya tattara su ya buga gefensu a gwiwa suka daidaita. Ya miƙe da na farko a hannu, ya nufi bakin ƙofa inda Damagaram take zama.

Nan ya tsaya. Wanne ne a hannunsa?

Ya shafa fuskar katin, sumul. Ya ɗauki wani, sumul. Ya shinshina, ya lalubi tambur ɗin da ke manne a baya, ya bi gefuna da farce ko zai tuna wani lanƙwasa. Teku da dutse da Ka'aba duk ɗaya suke a yatsa. Ya koma ya zauna. Aka kira sallar Juma'a bai fita ba. Maƙwabciya ta yi sallama da kwanon tuwo, ya ce ta ajiye a ƙofa, don kunya ba za ta bar shi a ga tabarmar nan tsirara ba.

Da la'asar A'i ta sauka daga mota, ta shigo da ƙullin kayan suna a ka. Ta ga bango wayam, ta ga ƙayoyi a warwatse, ta buɗe baki za ta fara. Sai ta dubi fuskarsa ta fasa. Ta sauke ƙullin, ta tsince ƙayoyin a gefen zanenta, ta zauna kusa da shi ta zare katunan daga hannunsa.

"To, ni ban san garuruwanka ba. Zan faɗi abin da na gani, kai ka faɗi inda za shi."

Duk shekarun nan ba ta taɓa tsayawa ta dube su ba. Ta ɗaga na farko ta karkata shi wajen haske.

"Wani dogon ƙarfe ne, ya yi tsini, ba rufi ba ɗaki. Ban ga amfaninsa ba."

"Faransa! Layi na tsakiya, kai shi can wajen taga."

"Wannan kuma gari ne an zazzage masa farar kanwa, har kan itatuwa. Mutanen duk sun ƙudundune."

"Rasha ce, ƙanƙara ce ba kanwa ba. Kusa da na Faransa."

Muryarsa ta fara dawowa. Ta ce ga wani dogon gini na ƙasa da itatuwa sun tsattsaga jikinsa, kafin ta rufe baki ya ce Agadas. Da ta zo kan Ka'aba ta ce wannan kam ba sai an gaya mata ba, ta kai shi kusurwar gabas da hannu biyu. Ta soka wata ƙaya a karkace, ya shafa ya ji, ya yi mita, ta ce in ya fi ta iyawa ya karɓa. Har dariya suka yi. Tarin ya yi ta raguwa, tabarmar na cika.

Sai ta ɗauko wani ta ce, "Hanya ce ta jar ƙasa. Itace ɗaya a gefe. Ga wata mace ta ba da baya, da kaya a kanta."

Ma'azu ya juyo wajenta.

"Wane irin itace?"

"Babba dai, mai duhun ganye. Ban san shi ba."

"Zanenta fa?"

"Rawaya, da ɗigo-ɗigo baƙi."

Ya sunkuyar da kai. Ya tashi daga Damagaram a cikin ransa, ya bi layin nan kati bayan kati, ya haye teku ya dawo har Madina. Ya sake bi daga Madina zuwa bakin ƙofa. Ba hanyar jar ƙasa, ba mace, kuma ko gurbinta babu. Layin a cike yake, kowane kati na dafe da na kusa da shi. Ashe ta fice daga kansa tuntuni, sauran suka matso suka rufe wurin, shi bai ko sani ba. Kuma in wannan ta fita haka ba sallama, wa ya san wadda ke shirin bin bayanta yanzu? 

A'i ta dube shi. Ta ce a hankali, "Ko a bari Fannami ya dawo? Shi zai san garin."

"Ba garin nake nema ba, A'i. Matar nake so in gani." Ya matso ya kama gefen katin, ita tana riƙe da ɗaya gefen. "Sake faɗa min. Kada ki yi sauri. Fara daga itacen."

Ta fara daga itacen. Ta faɗi inda inuwarsa ta kwanta, ta faɗi ramukan hanyar, da ƙafar matar ba takalmi, da ɗan tsuntsun da ta gano can sama da ta ƙura ido. Ta gama ya ce ta sake, ta sake. Yana zaune ya ɗaga kai, idanunsa a buɗe suna duban tabarmar, yana jira. Har aka kira magariba bai gan ta ba.